Amsa ga ƙanena mai neman karanshaf ɗin tsohon Yamaha 40

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Naga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni a bakin ruwa Jamestown nan Ankara (Accra) sai yau na samu zama. Bari in maimaita abinda kace saboda masu karantawa su san inda aka dosa. Kace Baba yana da jirgi a Yeji, bakin tafkin Bolta, injin Yamaha Enduro doki 40 ne wanda ya haura shekara ashirin a hannunshi, ya fara ƙara kamar ana buga guduma a ciki sannan ya tsaya, fita, wato makaniki, ya buɗe yace karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, ya tafi. Farantin lamba ya goge ba'a iya karantawa. Kaje Abosokai, kasuwar kayan gyara ta Ankara, wani ya nuna maka hom yus, wato wanda aka yi amfani dashi a ƙasar waje, yace ai duk na 40 ɗaya ne, wani kuma ya nuna maka sabo a kwali ɗan Chana, kana tambaya wanne zaka ɗauka kuma ta yaya zaka san zai shiga.

Toh dan Allah kada ka tura momo, kuɗin waya, tukuna, ko na wannan ko na wancan. Maganar "duk na 40 ɗaya ne" ita tafi komi cinye kuɗin masu jirgi a ƙasar nan, kama da wane ba ta wane. Doki 40 ƙarfin inji ne kawai, ba sunanshi bane. A cikin Yamaha kaɗai akwai gidaje daban daban masu doki 40 kuma duk suna yawo a ruwan Ghana. Akwai E40G da E40J, kayansu na tafiya da lamba 6F5 ko 6F6, silinda biyu, faɗin ramin fistin milimita 78, girman inji cc 669. Akwai E40X, lambarshi 66T, shima silinda biyu amma rami 80, cc 703. Akwai mai silinda uku 6H4, wannan kam ko daga nesa zaka gane. Akwai ma wanda ya girme su duka, mai lamba 676. Abinda ke ruɗa mutane harda wasu fitoci shine tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa a E40G da E40X duk milimita 70 ce, sai mutum ya ajiye karanshaf biyu a ƙasa ya gansu kusan kai ɗaya yace shikenan. Alhali tafiyar fistin abu ɗaya ne cikin wajen bakwai ko takwas da dole su dace.

Ka koyi karanta lambar Yamaha, abu ne mai sauƙi kuma zai hana a juya ka a kasuwa. Misali 66T-11400-01. Ukun farko, 66T, suna nuna injin da aka fara ƙera abin dominshi. Biyar na tsakiya sunan abin ne, 11400 yana nufin karanshaf a haɗe da konrod ɗinshi, wato ƙarfen da ke haɗa shi da fistin, 11651 konrod shi kaɗai, 11681 fin ɗin da konrod ke juyawa a kai, 11631 fistin. Biyun ƙarshe, 00 shine na farko, 01 ko 02 suna nuna an yiwa abin gyaran fuska, sabuwar lamba ta maye gurbin tsohuwa, yawanci tana shiga inda tsohuwar take amma wani lokaci sai an canza ta tare da wani abu, shi yasa ake duba littafin kaya. Kuma ka lura, ba kowane ƙarfe a jikin inji ke ɗauke da lambar injin ba, in basu canza abu ba suna barinshi da tsohuwar lamba, zaka iya samun abu mai 676 a jikin 6F5 lafiya lau. Saboda haka kada ka ga lamba ɗaya a jikin wani ƙaramin abu ka yanke hukunci.

Yanzu maganar farantin da ya goge. Yana nan a jikin maƙalin da ake ɗaure inji da jirgi, ta gefen hagu. Kafin ka haƙura dashi ka wanke da fetur, ka haska tocin waya daga gefe ba daga sama ba, fenti na gogewa amma lambar da aka buga da ƙarfe sau da yawa tana barin gurbi, ko ka ɗora farar takarda ka goga fensir a hankali. In babu ko kaɗan, sai a koma kan injin kanshi. A duba jikin bulok, kan silinda, filawil, kafireta da akwatin wuta, duk akwai lambobi da aka zuba ko aka buga a jikinsu. In bulok da kan silinda da filawil duk sun ce 6F5, magana ta ƙare. Sannan tunda an riga an buɗe, a sa baniya, ƙarfen awon milimita, a auna ramin silinda, 78 ne ko 80. In an taɓa yin borin zaka ga ƙari kaɗan, 0.25 ko 0.50, wannan bazai ruɗa ka ba saboda tsakanin 78 da 80 akwai nisa.

Murfin inji kuwa kada ka yarda dashi ko kaɗan. Inji mai shekara ashirin a Yeji, da wuya ace bai taɓa cin kayan wani injin ba, murfi daga nan, ƙafa, ɓangaren ƙasa mai farfela, daga can, kai, wato injin na sama, daga wani da ya nutse aka tsamo. Na sha buɗe inji murfi na cewa abu kaza ciki na cewa wani abu daban. Ka tambayi Baba da kyau ko an taɓa canza kai ko giyabos, tsofaffi basa manta irin wannan tunda kuɗi suka kashe.

Akwai kuma alheri a wannan cakuɗa in ka san tarihin. Tsofaffin Mariner da yawa, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1990, Yamaha ne ta ƙera su a Japan aka shafa musu wani fenti, saboda haka matattun Mariner na wancan zamani na iya baka kayan Yamaha na asali in lambar ta dace. Haka ƙananan Mercury da yawa Tohatsu ce ke yinsu, Nissan na ruwa ma Tohatsu ce ta yi su. Mai neman tsohon kaya in ya san wannan ƙofofin nemanshi sun ƙaru.

Amma tsaya, kafin ma aje sayen wani, wa yace naku ya mutu gaba ɗaya? Wannan ita ce tambayar da nake so ka mayar wa fitan. Karanshaf ɗin waɗannan Yamaha ba ƙarfe ɗaya bane da aka zuba, gunduwa gunduwa ne aka matse su da injin matsi, faifai huɗu, fin biyu, konrod biyu, boris na sama da na tsakiya da na ƙasa. Konrod ɗin ma ba mai buɗewa da noti bane irin na mota, zobe ne rufaffe, sai an raba karanshaf ɗin kafin ya fita. Abinda mutane ke kira "karanshaf ya tafi" kaso mafi yawa a abinda nake gani boris ɗin babban kan konrod ne ya watse, alluran cikin suka cinye fin da konrod. In haka ne, kuma faifan suna lafiya, wuyan sama inda filawil ke zama bai ci ba, haƙoran ƙasa basu goge ba, toh ana raba shi a sa sabon konrod da fin da boris da washa, a canza boris na tsakiya tunda an riga an buɗe, a sake matsewa. Ƙarfen asali na Japan da aka yiwa wannan aiki a hannun wanda ya iya, ni na fi yarda dashi akan sabon da ban san wanda ya ƙera shi ba.

Sharaɗin shine wanda ya iya ɗin. Matsewa ba wuya, kowa mai injin matsi zai matse, daidaitawa ce aikin. Bayan an haɗa dole a ɗora shi akan ƙarfe biyu masu bakin V a sa agogon awo a juya a hankali ana kallon allura, ana bugawa da gudumar tagulla ko dalma ana sake aunawa har ya miƙe. Karkacewar da ake yarda da ita a irin waɗannan injina ƙarama ce paa, wajen 0.03 zuwa 0.05 na milimita gwargwadon littafin injin, gashin kanka ma ya fi haka kauri. Sannan silinda biyun dole su zama daidai rabin zagaye tsakaninsu, digiri 180, in ɗaya yana can sama ɗayan yana can ƙasa. In kaje wajen mutum yace zai haɗa maka, ka tambaye shi ina agogonshi, in yace shi da ido yake yi ko yace hannunshi ya saba, ka ɗauki kayanka cikin mutunci ka gode mishi ka tafi. Tunda injin daga Yeji zai sauko ta Atebubu da Ejura, Kumasi na kan hanya, a Suwame Magajin, unguwar makanikai, akwai masu injin matsi da masu injin wasa ƙarfe da suka san aiki, ka nemi wanda ya saba da karanshaf na injin ruwa ko na babur mai haɗa fetur da mai, ba na mota kawai ba. A nan ma wajen Tema da Jamestown akwai su.

Dalilin da nace ba na mota kawai ba, mai aikin mota abinda ya saba shine a wasa karanshaf a rage shi 0.25 ko 0.50 a sa metal mai kauri ya cike gurbin. Wannan daidai ne a mota. A injin nan babu metal, allurai ne na ƙarfe ke gudu kai tsaye akan fin, kuma taurin fin ɗin a fatar sama yake, in ka wasa ka cire taurin ka isa ƙarfe mai laushi, ga kuma babu allurai masu kauri da zaka cike dasu. Walda a cike a sake wasawa ma haka, zai tashi ya yi ƙara mai daɗi a cikin durom a shago, sati biyu uku a ruwa da kaya ya watse. Inji ne da ke juyi dubu biyar da wani abu a minti. Kuma jirgin Baba mutane yake ɗauka da kaya a tafki mai faɗi, inji ya mutu a tsakiya iska ta taso, wannan ya wuce maganar kuɗi. Dan Allah duk wanda ya kawo maka shawarar walda akan fin ko wuyan boris kace a'a.

Toh a ce an duba an ga faifan sun lalace, ramin fin ya buɗe, ko haƙoran ƙasa sun shafe, dole sai wani. Ranar da zaka je kasuwa kada ka tafi da hoto a waya kawai. Ka ɗauki tsohon karanshaf, filawil da notinshi, sandar da ke sauka giyabos, fistin ɗaya da fin ɗinshi, in da hali harda rabin bulok. Nauyi ne na sani, ka ɗauki taksi, kuɗin taksi bai kai kuɗin kayan da ba'a karɓa in an dawo dashi ba. Ka tafi da baniya ko fita mai baniya.

Ka fara daga sama. Wuyan da filawil ke zama a tsuke yake kamar bakin turmi a kife, kuma wannan tsukewar ita ke riƙe filawil, ɗan ki ɗin nan mai kamar rabin wata aikinshi ya ajiye filawil a daidai wurin da wuta zata faɗo a lokacinta. Ka goga maka, alƙalamin tawada, a wuyan, ka zaunar da filawil ɗinku ba ki, ka juya kaɗan ka cire ka duba, makar ta goge ko'ina daga sama har ƙasa? In a baki ɗaya kawai ta goge toh tsukewar ba iri ɗaya bace, zai riƙa rawa ya yanke ki ya ci wuyan. Sannan ka ajiye tsoho da sabo gefe da gefe, fin na sama yana kallon waje ɗaya, ka duba ramin ki ɗin yana wuri ɗaya? In ya kauce, lokacin wuta ya kauce, ko inji ya riƙa fizge hannun mai ja, ko ya ƙi ƙarfi, ko ya yi zafi ya huda fistin. Ka gwada noti ya shiga zaren da hannu har ƙasa.

Sai ƙasa. A gindin karanshaf akwai rami mai haƙora inda sandar giyabos ke shiga. Ƙirga haƙora bai isa ba, ka zura sandarku ciki, ta shiga sumul ba duka, ka murɗa hagu da dama kaji ko akwai wasa, ka duba zurfin da ta shiga daidai da na tsohon. Ka kalli haƙoran sandar ita ma, in sun yi kaifi kamar na zarto ko kaga jan gari na tsatsa, ta ci, kuma zata cinye sabon karanshaf ɗin. Sai tsawo gaba ɗaya, da nisan da ke tsakanin boris da boris, da kaurin wuyan da sil, robar da ke tare mai da ruwa, ke kamawa sama da ƙasa. Konrod a auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, a gwada fin ɗin fistin da alluranshi a ƙaramin kai. In ka kawo rabin bulok ɗin aiki ya yi sauƙi, ka kwantar da karanshaf ɗin ciki, kowane boris ya zauna a gadonshi, ƙananan fin da ke hana boris juyawa su faɗa raminsu, ka juya da hannu kaji ko faifai na gogar wani wuri. Duk abinda sai an buga ko an goge da fayil kafin ya zauna, ba naku bane.

Abinda yasa nake nacewa akan sanda da filawil, shekarun baya wani dattijo mai jirgi daga Kpando Torkor ya kawo min inji da karanshaf da ya saya a wani shago, a kwali, lambar da aka manna ta yi daidai da injinshi. Na kwantar a bulok ya zauna, na haɗa komi, sai da muka zo ɗora kai akan ƙafa muka ga sanda ta ƙi shiga, ashe ƙafar ta wani gidan ce aka haɗa mishi tun da daɗewa tare da tsohon karanshaf ɗin da aka yiwa dabara. Mun ɓata kwana huɗu da gasket sabo guda, mutumin yana kwana a masallaci a Nima yana jira, yara na can ba'a fita ruwa. Abin ya dame ni ƙwarai, tun ranar ba na ɗaura noti ɗaya sai na gwada sanda da hannuna.

Yanzu tsakanin hom yus da ɗan Chana da na asali. In akwai hali, na asali sabo ba shi da na biyu, kaje wajen wakilin Yamaha, Japan Motors, da lambar a rubuce su duba maka ko akwai ko za'a iya odarshi, na 66T da 6F5 ba kayan da suka ɓace bane tunda injinan sun bazu a Afirka da Asiya. Ko baka saya a can ba ka samu tabbacin lamba da farashi da zaka auna sauran dashi.

Hom yus na asali in yana da lafiya abu ne mai kyau, amma sai ka bincike shi kamar zaka sayi ragon layya. A wanke shi da fetur tukuna, giris da baƙin mai na ɓoye aibi. Ka kama konrod ka ja sama ka tura ƙasa a miƙe, bai kamata kaji motsi ko ƙas ƙas ba ko kaɗan, motsin gefe da gefe ɗan kaɗan wannan daidai ne. Ka juya kowane boris kusa da kunne, in kaji kamar yashi ya tafi. Ka duba launin babban kan konrod, in ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa ya taɓa ƙonewa. Ka bi wuyan sil da farce, in farce ya maƙale a rami sabon sil bazai riƙe ba. Ka kalli saman zaren, in ya baje kamar kan ƙusa toh an cire filawil da guduma, kuma wannan duka na sauka har cikin boris. Tsatsa mai ɗigo ɗigo baƙi alamar ya sha ruwa. Boris na tsakiya shine matsala, ba'a ganin cikinshi kuma ba'a canza shi sai an raba, saboda haka ka saurare shi da kyau. Sannan ka roƙi mai shagon a kaishi a ɗora a agogo kafin ka biya, ko ku yi magana a gaban shaida cewa in ya karkace zaka dawo dashi.

Na Chana bazan ce maka duka banza bane, ƙarya zan yi. Kamfanoni irin su Parsun da Hidea sun yi injina akan tsarin Yamaha 15 da 40, kuma akwai masu ƙera kayan gyara a Chana da Taiwan da kayansu ke aiki shekaru. Matsalar kwali ɗaya ne, lamba ɗaya, amma abin ciki hawa hawa ne kuma ba zaka gane taurin ƙarfe da ido ba. In aljihu ya kai nan ne kawai, ka saya wajen wanda fitocin bakin ruwa ke saye suna komawa, mai shago tsayayye da zaka same shi gobe, kuma sabo ne ko ba sabo ba a ɗora shi a agogo, na sha ciro sabo daga kwali a karkace. Ni a nawa ra'ayin ga jerin: na asali sabo, sai naku in faifan na da rai a gyara da kayan asali, sai hom yus da aka auna, sai na Chana daga hannun da aka sani.

Saura abinda ban gani a saƙonka ba kuma shine ya fi damuna, me ya kashe na farkon? Karanshaf baya mutuwa haka kawai, in ba'a gano ba sabon ma hanyar zai bi. In an ga tsatsa a boris na ƙasa, ruwa ke hawowa ta sil na ƙasa ko gasket ɗin da ke ƙarƙashin kai. In tsatsar ta game ko'ina, ko inji ya taɓa faɗawa ruwa ba'a tada shi da wuri ba, ko ruwa na cikin fetur, firimis, fetur ɗin masu jirgi da aka riga aka haɗa da mai, da ke kwana a durom a buɗe ana ruwan sama yana tara ruwa a ƙasa, a bar shi ya kwanta a tace kafin a zuba. In babu tsatsa amma komi ya bushe ya yi shuɗi, mai ne ya yi kaɗan ko ba mai kyau bane, ko kafireta na bada fetur kaɗan, tunda a injin nan man da ke shafa boris cikin fetur yake tafiya, in fetur ya ragu mai ya ragu. A duba famfon ruwa ma, robar nan mai fukafukai, in bata turo ruwa zafi zai gama da komi. Farfela ƙarama ko wadda robar cikinta ta saki tana sa inji ya yi ihu fiye da ƙima. Sannan ga abin tafkin Bolta kanshi, tunda aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 ruwa ya rufe daji da itatuwanshi a tsaye, kututturan suna nan har yau, farfela ta daki ɗaya da gudu bugun na hawowa ta sanda har sama, yana iya yanke ki, yana iya murɗa karanshaf ɗin a inda aka matse shi. Ka tambayi direban jirgin tsakani da Allah ko sun daki wani abu kwanakin kafin ƙarar ta fara, ba don a kama shi da laifi ba, don in haka ne sai a duba sandar farfela da giya suma.

Wajen haɗawa ka tsaya akan fitan ya yi waɗannan. Alluran da suka watse basu ɓace ba, sun bi ta ramuka sun hau kan fistin, a duba fistin da ringi da kan silinda da bangon silinda da ƴan faifan nan na bakin kafireta, a wanke bulok tas a hura iska. Sil duka sabbi, gasket sabbi, kilif na fin ɗin fistin sabbi, kada a maida tsoho don an ga yana da kyau. Rabi biyun bulok tare aka gyara su a masana'anta, ba'a haɗa rabin wannan da rabin wancan, kuma tsakaninsu gam ne na musamman siriri ake shafawa, ba silikon mai kauri ba, in ya yi kauri boris bazai kamu ba, in iska na shiga inji zai ƙone. Haƙoran sanda a shafa giris mai jure ruwa a gefe, kada a cika saman. Wuyan filawil kuma a bushe, ba mai ba giris, a ɗaure noti da sifana mai awo yadda littafi ya ce, kuma daga yau a nemi fula ta cire filawil a daina guduma.

In an tada, awa goma na farko a lallaɓa shi. Mai ninki biyu, 25 da 1, wato tankin lita 25 ya sha lita ɗaya na mai, bayan nan a koma 50 da 1, rabin lita a tanki, wannan in fetur zalla kuke haɗawa da kanku, kuma a nemi man injin ruwa mai alamar TC-W3, ba baƙin man mota ba. Kada a buɗe wuta duka a ranar farko, kada a cika jirgi da buhuna a ce gwaji ake.

Ga masu karantawa da nasu Johnson ko Evinrude ne, lissafinku daban. Karanshaf ɗinsu ƙarfe ɗaya ne, konrod ke buɗewa, ba'a raba shi a gyara irin na Yamaha, kuma kowane konrod da murfinshi ba'a musanyawa. Kamfanin da ke yinsu, OMC, ya karye a ƙarshen 2000, Bombardier ta saya a 2001, an daina Evinrude gaba ɗaya a 2020, saboda haka yawanci sai daga mataccen inji. Daga 1980 shekarar na ɓoye cikin lambar inji da haruffan kalmar INTRODUCES, I ɗaya, N biyu, T uku, haka har E tara, S sifili, haruffa biyun da ke kafin na ƙarshe su ne shekarar, CE na nufin 89. In faranti ya ɓace ku duba wani ɗan ƙarfe zagayayye kamar kwabo a jikin bulok, akwai lamba a kai.

Kai kuma ƙanena, ka sa a ɗauko min hoton lambobin bulok da kan silinda da filawil da kafireta, hoton babban kan konrod ɗin da ya lalace kusa kusa bayan an wanke, hoton wuyan sama da haƙoran ƙasa, da awon ramin silinda. In kayan sun iso Ankara kafin Juma'a ka kawo su bakin ruwa bayan sallah, agogona na nan, mu ɗora shi mu gani ko faifan zasu ƙara tafiya. Ka gaida Baba, kace ya yi haƙuri da ƴan kwanakin nan kada ya bari a haɗa mishi cikin gaggawa.